Ki Tsaya a Wurin

Kamazou, Kaduna
Mayu 2017

Anti Phoebe,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da dukan mutanen Kurmin Ɗinya. Yaya shukar citta? Mu nan lafiya lau, sai matata Tracy da ke fama da mura tun saukar ruwan farko. In rubutun ya ɓace miki, Jethro ne, jikan Baba Ayuba wanda suka haɗa kaka da mahaifinki. Ni ne yaron nan da ya farke miki rediyo wai zai ga mutanen da ke ciki. To, har yau farke-farken nake, sai dai yanzu wayoyi nake gyarawa.

Anti, na rasa ta inda zan fara! Jiya da rana tsaka na rufe shago, abin da ban taɓa yi ba, har maƙwabcina Anayo mai tayoyi ya leƙo yana tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce masa ba rasuwa ba ce, gada ce.

Ga yadda aka yi. Wata 'yar cocinmu, Dorcas, ta kawo min gyaran waya. Tana aiki a wani ofishin gwamnatin jiha. Da na gama sai ta nuna min sabon abin da suka buɗe: taswirar jihar nan kaf a intanet, kuma kowa na iya dubawa. Duk ƙauyen da ke da matsala, mutum ya ɗauki hoto ya tura, sai ɗigo ya fito daidai inda matsalar take. In ɗigon rawaya ne, an karɓa, injiniyoyi za su je su gani. In ya koma kore, aikin ya shiga cikin na baɗi. In kuwa ja ne, an je an tarar ƙarya ce. Ba takardar da za ta kwana a ƙarƙashin kujerar wani, ba "ka dawo gobe, oga ya fita." Duk duniya na kallo!

Tana magana, ni kuwa Rafin Gora kawai nake gani. Ban samu zuwa jana'izar Baba Ben ba lokacin da ruwa ya tafi da shi a mashigi, kuma har yau abin na cina. Ba zan iya dawo miki da mijinki ba, amma ko da gada ce, bari mu gwada.

Na ba Usman direba waya a cikin wannan ƙunshin, na riga na sa sunanki a ciki. Aikin ba wuya. A fara ɗaukar hoton rafin da mashigin. Sannan ki tsaya a wurin, ki danna shuɗin maɓallin nan, ki jira har ta yi ƙara. Wannan shi ne babba, Anti: ki tsaya a wurin, kada ki danna a gida. Sauran aikin na wayar ne, za ta tura da kanta. Usman ya ce min yanzu kuna ɗan samun sabis a wani gefen gari.

Ƙarshen Yuli za su rufe karɓa, abeg kada a yi sanyin jiki.

Ɗanki,
Jethro


Kurmin Ɗinya
Yuni 2017

Ɗana Jethro,

Na amsa gaisuwarka da murna. Muna lafiya, citta ta tsiro gwanin sha'awa. Ka ce wa Tracy ta dafa citta da lemun tsami ta sha da zafinsa, na sa mata ɗauri ɗaya a hannun Usman. Ban manta da kai ba. Rediyon ma bai manta ba, yana nan a kan kabad, bai sake cewa uffan ba.

Kai, yaron nan, ka tada gari! Ranar da waya ta iso, mazan gindin mangwaro suka yi ta juya ta kamar sun tsinci ƙwan jimina. Mai unguwa ya ce tun da sojoji suka sauka daga mulki muke kai kuka a kan rafin nan. Kowane zaɓe sai a zo a auna ruwan da ido, a ci mana akuya, a kaɗe riga a tafi. Ya ce gwamnatin da ba ta ji ihun gari guda ba, wai ɗan madubin nan za ta ji? Na ce masa, Baba, madubin dai ba ya cin akuya, me za mu rasa? Aka kwashe da dariya, shi ma har da riƙe ciki.

Na kai maganar zumuntar mata, suka ce aikinsu ne. Fasto ya yi mana caji da solarsa. Hannatu, sakatariyarmu, ita ta sauka rafi ta ɗauko hotuna. Ka san ni da wajen nan, tun ranar Ben ban ko kalli hanyar ba.

Amma dannawa kam, ban bar wa kowa ba. Ka ce ni zan tsaya, to ni na tsaya. Ranar Lahadi bayan sujada muka ɗaura zanen zumunta, aka ɗauko tulun kiɗa da caki, muka rankaya Wurin da waƙa, yara na bin mu a baya. Da muka isa, gwiwoyina rawa suke, numfashina sama-sama. Hannatu ta riƙe ni, na ɗaga waya, na danna. Sai ga ƙara, ƙit! Jethro, da ka ji guɗa! Wata tsohuwa ta tambaya ko gwamna ne ya amsa da kansa. Na ce mata e mana, yana gaishe ki.

Na gwada kiranka, amma muryarka kamar kana cikin rijiya, ga mutane sun kewaye ni kowa ya baza kunne. Ni maganar gida ba na yin ta da ihu, gara takarda.

To, ka duba mana, wane launi muka samu? Barci ma ya gagare ni don ɗoki.

Antinka,
Phoebe


Kamazou
Yuni 2017

Anti Phoebe,

Gaisuwa mai yawa. Tracy ta warke sarai, ta ce cittarki ta fi allura.

RAWAYA! Anti, rawaya ne! Ɗigo ya fito ɗas kusa da sunan Kurmin Ɗinya, da sunanki a ƙasa, Phoebe Ben. Na yi tsalle har na buge kai da fanka. Duk wanda ya shigo shago sai na nuna masa, ko caji ya zo saya. Anayo ya ce in aka gina gadar shi zai fara haye ta da sabbin tayoyi. Wani direban keke daga Barnawa ya ce shi ma zai tura na ƙauyensu. Dorcas ta ce injiniyoyi za su taho cikin watan nan, na'urar hannunsu za ta kai su har kan ɗigon, ba sai sun tambayi kowa hanya ba.

Amma ba wannan ne ya fi taɓa ni ba. Na karanta wa Tracy inda kika ce kin tsaya a wurin da kanki, gwiwoyinki na rawa, Hannatu na riƙe da ke. Tracy ta ajiye ludayi ta fashe da kuka, ni ma sai da na fita waje. Bayan abin da ya same ki, ki taka har can saboda 'ya'yan wasu! Anti, ban san mace mai ƙarfin halinki ba. Na faɗa a coci ranar Lahadi, an yi miki addu'a ta musamman.

Ku shirya tarbar baƙi. Ku nuna musu komai, kada ku ji kunya.

Ɗanki mai alfahari da ke,
Jethro


Kurmin Ɗinya
Yuli 2017

Jethro,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Ina fata ku ma haka.

Baƙinka sun zo. Farar mota, huluna masu ƙarfi, ɗaya riƙe da na'ura yana kallonta kamar mai karatun Littafi. Mun share gari, mun dafa shinkafa, mai unguwa da ya rantse ba zai ƙara yanka akuya ba ya yanka. Suka wuce mu fuu, ko gilashi ba su sauke ba! Muka bi su da gudu, ni da zanen zumunta a hannu. Ina suka nufa? Kan dutse. Suka hau har ƙoli, suka tsaya suna waige-waige.

Kafin in kai, na ji ƙaramin cikinsu yana dariya yana cewa, "Gada a kan dutse? Zuwa ina, sama?" Mai unguwa ya roƙe su su sauko a kai su rafi. Babban ya ce shi ba ya da ikon duba ko'ina sai inda ɗigo ya nuna, don kada a ce an ja shi gefe an ba shi wani abu. Ya ce ga ɗigo, ga dutse, ba ruwa. Ya danna abinsa, suka shiga mota. Akuyar dai mazan gindin mangwaro ne suka cinye.

Yanzu sunana a gari Mama Gadar Sama. In na wuce sai wani ya ɗaga kai yana kare ido da hannu, wai yana duba ko an fara aiki. Ina dariya tare da su, in na shiga ɗaki kuma in zauna kamar an doke ni. Ni na tara matan nan, ni na sa su waƙa. Raina ya ɓaci, Jethro, kuma da kai nake fushi.

Ga rafi ya fara cika. Shekaranjiya matar malamin makaranta ta tashi da naƙuda, sai a kan ƙofa aka ɗauke ta aka ƙetare da ita, ruwa har ƙirjin maza. Allah ya kiyaye, amma damina yanzu ta kankama.

Wayarka ma ta mutu, tsawa ta ƙone solar Fasto.

Sannan wane ƙarfin hali kake ta faɗa har da kai ni gaban coci? Tracy ta yi kuka don na hau dutse? Kullum mata da goyo ke hawa Wurin su kira mazajensu a Legas, ba wanda ya taɓa yi musu addu'a ta musamman. Tun da aka gano sabis a kansa, hawansa ya zama kamar zuwa rijiya. Gwiwa ce kawai ta tsufa. Ka ce in tsaya a Wurin, na tsaya. To me kuma na yi ba daidai ba?

Phoebe


Kamazou
Yuli 2017

Anti Phoebe,

Ina gaishe ki da gwiwa biyu a ƙasa. Wasiƙarki ta daɗe a hanya, motar Usman ta kafe a taɓo, da kyar aka ciro ta. Allah ya raya jaririn malam.

Kafin ta iso na riga na ga ja. Ranar na hau keke har ofishin su Dorcas ina huci, na ce an ci amanar talaka, an sayar da gadarmu. Ta bar ni na gama, sannan ta buɗe taswirar a babban allo, ta yi ta matso da ita har rufin gidajenku ya fito. Ga rafi can yamma, ga ɗigonmu can gabas a kan tsurar dutse. Na fita ina sosa ƙeya, ban fahimci komai ba.

Sai da na karanta wasiƙarki. Wurin! Ashe suna ne! Anti, na zauna a kan benci ina dariya, hawaye na zuba, Anayo ya zaci na taɓu. Lokacin da na bar gida Dutsen Birai muke ce masa, ba wanda ke hawa sai mai neman itace. Ni da na ce "a wurin," bakin rafi nake nufi, wurin da ake son gadar. Shuɗin maɓallin nan ba aikawa yake yi ba, gaya wa taswira yake inda ƙafarki take a lokacin. Kin yi daidai abin da na rubuta. Ni ne na daɗe ban zo gida ba har Hausar garinmu ta wuce ni.

Yanzu ga albishir, kuma ki karanta wa mata da ƙarfi: ƙofa ba ta rufe ba! Dorcas ta ce ana iya sake turawa kafin ƙarshen wata. Jan ɗigon zai zauna a kan dutse, ba a gogewa, don dokarsu ita ce ba a ɓoye komai. Amma sabo zai fito.

Na san abin da za ki ce: ba sabis a rafi, da wa wayar za ta yi magana? Ba ta buƙata. Taurarin ɗan'adam da ke sama su ke gaya mata inda take, ko a tsakiyar daji. A danna a bakin mashigi, daidai inda ake shiga ruwa. Za ta ɗan jima tana nema, a yi haƙuri har ta yi ƙara. Bayan nan sai a hau Wurin naku, ta aika. Na sa batirin caji cikakke a ƙunshin.

Abu na ƙarshe. Na gane yanzu ba ki je can ba, kuma na yi ta yabonki a kan abin da ya fi miki ciwo. Ki yafe min. Ba dole sai ke ba, Anti. Wayar ba ta san yatsan kowa ba, Hannatu na iya dannawa. Kada ki tilasta wa kanki.

Lokaci ya ƙure, don Allah a yi da wuri.

Ɗanki,
Jethro


Kamazou
Agusta 2017

Anti,

Gaisuwa a gurguje, Usman na hura min hon a waje.

Ya fito! Ana gobe rufewa na buɗe taswira, sai ga sabon ɗigo, rawaya, zaune daram a bakin ruwa! Na matso da shi har sau nawa don in tabbata. Na ruga na rungume Anayo da baƙin mai a jikinsa, rigar cocina ta tashi aiki, ko a jikina.

Amma shiru daga wajenki. Na kira, ba ta shiga. Ko har yanzu fushi kike? Injiniyoyi sun dawo? Ki gode min wa Hannatu, ki ce mata hannunta na da albarka. Ki rubuto ko layi biyu ne, hankalina ya ƙi kwanciya.

Jethro


Kurmin Ɗinya
Agusta 2017

Ɗana Jethro,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai da Tracy. Muna lafiya ƙalau, citta ta rufe ƙasa. Ba fushi nake ba. Na ɗauki biro ya fi a ƙirga, in ajiye.

Da na karanta wa mata wasiƙarka, dariya har da masu faɗuwa daga benci. Hannatu ta ce maza a ba ta waya ta je ta gama. Na ce to. Da gari ya waye kuma sai na ji ba zan iya ba ta ba. Sunana ne a ƙarƙashin jan ɗigon nan, Phoebe Ben, duk duniya na gani an ce ƙarya muka yi. Wai ba rafi. Ni za a gaya wa ba rafi?

Na ɗaura zanen zumunta na fito. Ba tulu, ba caki wannan karon. Mata suka biyo ni shiru. Mazan gindin mangwaro suka ga hanyar da na ɗauka, ba wanda ya ɗaga kai sama. Mai unguwa ya miƙe ya bi bayanmu da sandarsa.

Hanyar ta canja, gora ta yi tsawo. Tun daga nesa na ji rurin ruwan. Ya cika maƙil, ja wur, yana tafe da itatuwa. Tushen ɓauren nan yana nan, inda aka tsinci takalmin Ben ƙafa ɗaya. Hannatu ta miƙo hannu ta ce, "Mama, kawo." Na ce a'a. Na taka har ruwa ya taɓa min yatsu, na danna.

Kai kuma da wayarka! A kan dutse nan take ta yi ƙara. A nan kuwa sai ta tsaya nema, wani abu na ta juyawa a fuskarta. Ba damar gudu, ka ce a jira. Dole na tsaya ina kallon ruwan da na ƙi kallo shekara biyu. Sai na ji bakina na magana. Na ce, Ben, ga ni, na zo a makare. Na gaya masa citta ta yi kyau bana, na gyara rufin ɗaki, jikarsa ta fara tafiya. Na ce masa jikan Baba Ayuba, mai ɓata rediyo, shi ya aiko ni. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza.

Ƙit!

Jethro, da ka ga tsofaffi da gudu! Muka juya sai Wurin, zani a hannu, mai unguwa na haki a baya yana cewa a jira shi. Ban san lokacin da na kai ƙoli ba, gwiwar ma ta manta da tsufa. Waya ta aika, guɗa ta tashi har birai suka watse.

Makon jiya farar mota ta dawo. Wannan karon na'urar ta kai su har bakin ruwa. Ƙaramin nan mai dariya ya kalli rafin, ya kalli yaran makaranta a tsallake suna jiran ruwa ya janye, sai ya cire hularsa. Suka auna, suka kafa turaku masu jan kai a wannan gefe da wancan. Babban ya kira ni, ya ce, "Mama, ke ce Phoebe Ben?" Ya juyo min da na'urarsa, ya danna a gabana. Kore, Jethro. Kore shar kamar ganyen citta! Ya ce da rani za a fara, kuma in an ga shiru, kowa na iya buɗe taswira ya tambaya. Na ce masa kada ya damu, muna da mai buɗewa a Kamazou.

Ba su ci akuya ba, ruwa kawai suka sha. Sunan Mama Gadar Sama dai ya zauna, amma yanzu da shi ake gaishe ni, har na fara amsawa. Kuma a garin nan in ka ce za ka Wurin, sai an tambaye ka, wanne?

Ka zo da Kirsimeti, ka taho da kayan aikinka, rediyona na jiranka. Godiyar da ka aiko wa Hannatu na riƙe abata. Ka ce wa Tracy yanzu tana iya yin kukanta. Wannan karon na tsaya a wurin.

Antinka,
Phoebe